Awakin habbanaye a Sanam: kwana 21 kafin a miƙa igiya

Ranar da aka fara rabon awaki a wani ƙauye kusa da Sanam, ni na riƙe rajista. An yi guɗa, an ɗauki hotuna, kowace mace ta ja akuyarta zuwa gida. Ba a yi sati biyu ba aka kira ni. Na tarar da bisashe suna zubar da majina da hawaye, baki ya yi gyambo, ga zawo mai wari. Annobar tumaki da awaki ce, wadda muke rubutawa PPR a takarda.

Awakin daga kasuwa aka sayo su, aka loda a mota, aka raba a rana guda, saboda masu aikin suna sauri kafin ƙarshen shekarar kuɗinsu. Ni ma na ga hakan ban ce uffan ba, ina sabon ma'aikaci. Cutar ba ta tsaya kan awakin rabo ba, har waɗanda mata suka tsira da su daga fari ta kwashe.

Wata dattijuwa, wadda fitinar iyakar Mali ta koro daga garinsu, ta ce da ni: "Ɗana, mutuwar akuyar ba ta dame ni kamar maƙwabciyata da ke jiran 'yarta ba. Da wane ido zan dube ta?" Na ce: "Inna, laifin ba naki ba ne." Ba ta yarda ba.

Sai wanda ya san habbanaye zai gane nauyin maganarta. Al'ada ce ta Fulani: ka ara wa wanda ya rasa dukiya dabba mace, ya riƙe har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ƙungiyoyin agaji sun ɗauki wannan tsari a Nijar don mata su sake kafa garke bayan fari irin na 2005 da 2010, da kuma bayan gudun hijira, abin da yankin Abala ya sha gani tun 2012. Mace ta karɓa, in akuya ta haihu ta miƙa wa ta gaba. Don haka akuyar amana ce, kuma in ta mutu, layin mata ne gaba ɗaya ya tsaya.

Yanzu ba na sa hannu kan rabo sai an killace bisashen kwana 21, tsawon lokacin da cutar kan iya ɓoyewa a jiki. A cikin kwanakin muke yin allurar rigakafi, mu ba da maganin tsutsar ciki, mu ware duk wadda hancinta ya jiƙe. Allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara uku, amma fa sai maganin ya iso da sanyinsa. A zafin watan Afirilu, kan babur, cikin rairayin Kurfai, ƙanƙara ta fi man fetur daraja a wurina. In an haɗa kwalba kuma, ba ta jiran la'asar.

Hukumar FAO da ƙungiyar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da wannan cuta, kamar yadda aka ga bayan bushiya a 2011. Ni dai abin da na gani shi ne, ranar rigakafi maza ke kawo shanu, awakin da ke ɗaure a bayan ɗaki kuwa na mata ne, kuma ba wanda ya sanar da su. Sai na koma bin taron asusun Mata Masu Dubara, tsarin da CARE ta fara a Maradi a 1991. A nan nake faɗin ranar allura, in nuna yadda ake buɗe bakin akuya a duba dasashi. Wata ƙungiya har ta ware 'yan daloli a akwatinta don kuɗin magani da katin waya.

Dattijuwar nan ta shiga rabo na biyu. A daminar da ta wuce ta aiko jikanta ya kira ni, na zo a guje ina zaton ciwo ne. Ashe akuyar ce ta haifi tagwaye, tana so in duba macen kafin ta kai wa maƙwabciyarta.