Bakin Walda, Inda Ƙarfe Ke Gajiya

Duk mai amalanken da ke jigilar ruwa ko buhunan hatsi tsakanin Bambeye da Tahoua ya san wannan takaici. An yi maka walda a gindin sandar amalanke, ta yi kauri kamar ba za ta taɓa motsi ba, kafin kaka ta zagayo ta sake tsagewa. In ka duba da kyau, tsakiyar waldar na nan lafiya lau. Bakinta ne ya buɗe, daidai layin da narkakken ƙarfe ya haɗu da na asali.

Masana na kiran wannan gajiyar ƙarfe. Lanƙwasa waya sau ɗaya ba ya yi mata komai, amma ka yi ta kai da komo, sai ta katse a hannunka. Haka gargadar hanyar jar ƙasa ke yi wa amalanke, sau dubbai a tafiya guda. Manyan ƙarafa ma ba su tsira ba. Ranar 27 ga Maris 1980, dandalin ma'aikatan haƙar mai na Alexander Kielland ya kife a Tekun Arewa, a ruwan Norway, mutum 123 suka rasu, bincike kuma ya nuna tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai milimita 6.

Me ya sa bakin? Nan ne ake samun kwana mai kaifi da ƙananan ramuka da ido bai cika gani ba. Sannan idan walda ta huce takan takure, ta bar wurin a ɗame kamar igiyar guga. Tsaga ba ta neman abin da ya fi haka.

Maganin bai da tsada. Na farko, a gurje bakin da injin gurza ƙarfe, a shiga kamar rabin milimita ƙasa da ramukan, har kwanar ta zama gangare mai santsi. A ƙa'idar Cibiyar Walda ta Duniya, IIW, wannan kaɗai na iya ninka tsawon rayuwar mahaɗar. Na biyu, a bi layin da guduma mai zagayayyen baki ana daddaka shi har fatar ƙarfen ta matse, ta hana tsaga buɗe baki. Maƙeran Adar ba za su ga baƙon abu a nan ba. A manyan gadoji ana yin aikin da na'ura mai duka fiye da sau 90 a daƙiƙa.

Sai dai gurza da duka ba sa gyara waldar da ba ta ratsa ciki ba, kuma in ba a shafa fenti ba, tsatsar damina za ta haƙa sababbin ramuka. Abin da na fi gani a rumfunan walda shi ne a lafta wata waldar kan tsohuwa, mai kaya ya biya yana murna don ta yi tudu. Tudun nan ƙara kaifin kwanar yake yi.

Malam mai amalanke, in ka kai gyara, kada ka yi gaggawar ɗaura jaki. Ka ce a haƙe tsohuwar tsagar tukuna, in an yi waldar a gurje bakinta, a daddaka, a shafa fenti.