Agogon da ke wana kansa: kalmomin sana'ar da yadda Hausa za ta kira su

Kalmar agogo baƙuwa ce a Hausa, sai dai ta daɗe har ta zama ƴar gari, ta samu jam'i, ta samu kirari: agogo sarkin aiki. Daga Yarbanci ta zo, inda take nufin ƙararrawar ƙarfe da ake bugawa. Mu ma da muke cewa ƙarfe biyu ko ƙarfe goma, bayanin da aka fi bayarwa shi ne ƙarfen da ake kaɗawa domin sanar da jama'a lokaci. Sa'a daga Larabci muka samo ta, awa da minti da sakan daga Ingilishi. Daƙiƙa kuwa ta sauka daga ma'anarta a hanya: a Larabci minti take nufi, amma mafi yawan Hausawa sakan suke nufi da ita, abin da ya sa a wannan rubutu zan tsaya ga sakan don kauce wa ruɗani.

Duk waɗannan kalmomi na abin da agogo yake faɗa ne. Da zarar an juya bayansa an cire murfi, sai harshenmu ya yi shiru, mai gyara ya koma cewa "wannan abin" da "wancan ƙarfen". Wurin da wannan gibi ya fi fitowa fili shi ne agogon hannu na alfarma da maza ke ɗaurawa, irin na Rolex, Omega, Patek Philippe ko Audemars Piguet, wanda sabo daga cikinsu, ko na baƙin ƙarfe ne, kan haura miliyan biyar na sefa. A ƙasar Suwis ake ƙera su, a Jeneba da Bienne da garuruwan tsaunukan Jura, kuma harshen sana'ar Faransanci ne, har Ingilishi ma ara ya yi daga gare shi. Ɗalibin Nijar yana da sa'a a nan, domin yana iya karanta kalmomin daga tushensu.

Mu fara da kalmar da ake rubutawa a fuskar agogon, wadda muka hausantar zuwa otomatik. A kunnen Bahaushen yau, otomatik na nufin abin zamani mai aiki da lantarki ba tare da sa hannu ba, kamar mota marar kuloci. A sana'ar agogo kuwa kalmar ta fi haka ƙunci nesa ba kusa ba. Agogon otomatik ba shi da batir ko ɗaya. Agogon inji ne irin na kakanni, wanda ake wanawa, bambancinsa kawai shi ne motsin hannun mai shi ne yake wana shi. John Harwood, wani maƙerin agogo ɗan Ingila, shi ya yi rajistar wannan dabara ga agogon hannu a farkon shekarun 1920, sannan a 1931 kamfanin Rolex ya fito da tsarin da ya zama ruwan dare, inda wani ƙarfe mai nauyi, siffar rabin faifai, yake kewayawa gaba ɗaya a bayan injin duk lokacin da hannu ya motsa. Saboda haka fassarar da ta dace ita ce agogo mai wana kansa. Ta fi otomatik tsawo, amma ta faɗi abin da ke faruwa, kuma ta sanar da mai saye dalilin da zai sa agogonsa mai tsada ya tsaya cik idan ya ajiye shi a durowa kwana biyu ko uku. Akasarinsu abin da suke riƙewa na ƙarfi bai wuce awa 40 zuwa 70 ba.

Shi kansa aikatau wana yana da ƴar matsala a rubuce. Sunan aikinsa wani ne, mai dogayen wasula, kuma da yake ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, "a ba agogo wani" sai ta yi kama da jimlar da aka yanke wa wutsiya, mai karatu yana jiran ya ji wani me. Magana ba ta da wannan damuwa. Rubutu ne ke da ita.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san aikinsa, don haka bari mu bi ƙarfin daga inda yake shiga zuwa inda yake fita. Ƙarfen nan mai kewayawa, da Faransanci masse oscillante ko rotor, yana murɗa wani siririn ƙarfe mai tsawo da aka naɗe cikin ƙaramin gida. Wannan naɗaɗɗen ƙarfe shi ne rumbun ƙarfin agogo. Yana son warwarewa, kuma wannan son warwarewa ne yake tura jerin ƙafafu masu haƙora, kowace na juya ta gaba da ita, har zuwa hannuwan da muke gani. In da za a bar shi haka, cikin ƴan sakanni zai warware baki ɗaya, hannuwan su yi ta gudu kamar farfela. Abin da ke hana hakan shi ne sashen da ake kira échappement: wani ƙaramin ƙarfe mai ƙaho biyu yana tare haƙorin ƙafa ta ƙarshe, ya saki, ya sake tarewa. Wanda ke ba shi umarnin lokacin saki kuma wani zobe ne, balancier, da ke kai da komowa bisa wani naɗaɗɗen ƙarfe mai kaurin silin gashi. A agogunan alfarma da yawa, kaɗawar zoben, in an ƙirga kai daban komowa daban, tana faruwa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a kowane sakan. Ita ce ƙarar cak-cak da ake ji idan an kara agogon a kunne, kuma ita ce ta sa hannun sakan yake tafiya sumul kamar yana shawagi, alhali na agogon batir tsalle yake yi sau ɗaya a sakan.

Idan aka duba kalmomin Faransancin da kyau, za a ga ba daga sama suka faɗo ba. Gidan naɗaɗɗen ƙarfe barillet ne, ƴar ganga. Maɓallin gefe da ake murzawa couronne ne, kambin sarauta. Ƙarfe mai ƙaho biyu ancre ne, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa. Maƙeran agogo sun dubi abin da ke gabansu ne suka kwatanta shi da abin da suka sani. Hannun agogo ma ya ishe mu misali: Faransanci allura yake gani, Ingilishi hannu, Jamusanci mai nuni, Larabci kuwa kunama. Harsuna huɗu, hotuna huɗu, abu ɗaya. To me zai hana Hausa ta yi nata kwatancin?

Ga naɗaɗɗen ƙarfen, kanikawan ƙetaren iyaka suna da sifirin, namu kuma sukan ari ressort. Dukansu suna aiki, amma ba su bambanta shi da na mota ko na katifa ba, waɗanda matsa su ake yi. Wannan naɗe shi ake yi a kwance, da'ira cikin da'ira, kuma Hausa tana da sunan wannan siffa tun kafin agogo: gammo. Mai ɗaukar kaya yana naɗa gammo, maciji ma yana yin gammo. Gammon ƙarfe ke nan, babba na ƙarfi, ƙarami na lokaci. Zoben da ke kai da komowa lilo ne, ba sai an wahala ba. Ƙafafu masu haƙora sun fi giya dacewa, ba don kalmar ba ta shiga Hausa ba, sai don a rubuce ba ta da maraba da abin sha, kuma littafin koyarwa da ya ce a zuba wa giya mai zai sha dariya a aji.

Hausa tana da wata hanya ta biyu mai ƙarfi, wato ƙirar sunan kayan aiki da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, dukan gaɓoɓi da karin sama, kamar mabuɗi, ma'auni, matsefi. Da ita za mu samu majuyi ga ƙarfen da ke kewayawa, da mawani ga maɓallin gefe, wanda ya fi kambi ma'ana tunda ba mu saba ganin sarakunanmu da kambi ba. Amma ƙirar ba ta cin nasara kullum. Échappement daga aikatau mai ma'anar kuɓucewa ya fito, kuma in an bi ƙa'ida daga saki za a samu masaki. Sai dai masaki yana da mai shi tuni: babbar ƙwarya ce. A nan gara a bar ƙira a koma ga kwatanci. Aikin sashen shi ne riƙe ƙarfin da ke son ɓallewa da sakinsa daidai gwargwado, kuma abin da ke yi wa doki haka linzami ne. Ni dai linzamin agogo ya fi kwanta mini, kuma ita ma kalmar linzami daga Larabci muka aro ta tun da daɗewa, ba wanda yake jin baƙuncinta yau.

Akwai kalmomin da rashin fahimtarsu kan jawo asarar kuɗi. A jikin injin ana rubuta adadin rubis, 21 ko 25 ko 31, kuma mai talla yakan nuna lambar kamar yana nuna dukiyar da aka ɓoye a ciki. Yaƙutu ne, gaskiya, amma na masana'anta, irin wanda aka iya haɗawa tun bayan da Auguste Verneuil ya bayyana hanyarsa a 1902. Ba shi da wata daraja a kasuwar duwatsu. Ana dasa shi ne a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe domin rage ci, saboda taurinsa da santsinsa. Yaƙutun inji ya kamata a ce, don kalma ta biyu ta rage wa ta farko girman kai.

Haka nan chronomètre da chronographe, waɗanda ko masu jin Faransanci suke cakuɗawa, tunda a maganar yau da kullum abin da malamin wasanni ke latsawa a filin tsere ake kira da ta farko. A sana'a, chronomètre agogo ne da ya ci jarrabawa: hukumar COSC ta Suwis tana gwada injinsa kwana 15, a kwanciya iri biyar da yanayin zafi iri uku, kuma matsakaicin kuskurensa a rana kada ya wuce jinkirin sakan huɗu ko gaggawar sakan shida. Chronographe kuwa agogo ne mai ƙarin hannu da ake tayarwa a tsayar don auna tsawon wani abu. Gaɓar ƙarshen kalmar rubutu take nufi, domin na'urar da Nicolas Rieussec ya yi a 1821 don tseren dawaki tawada take ɗigawa a kan fuskarta. Tawadar ta tafi, sunan ya zauna. Da Hausa babu dalilin cakuɗa su: ɗaya agogo mai shaidar daidaito, ɗaya agogo mai awon tsere.

Waɗannan lambobi na COSC suna fallasa wani abu game da kalmar alfarma kanta. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai aiki da dutsen kwaz a watan Disamba na 1969, agogon batir na talaka, wanda dutsensa ke girgiza sau 32,768 a sakan, ya fi na miliyoyi faɗin gaskiyar lokaci. Kuskuren da wancan ke yi a wata, wannan yana iya yin sa a kwana uku. Abin da ake biya a agogon alfarma shi ne aikin hannu, da sunan gida, da yiwuwar gyara shi bayan shekaru hamsin a bar wa ɗa. Ko kasancewarsa na maza ma ba tun fil'azal ba ne. Kafin yaƙin duniya na farko, agogon hannu ado ne na mata a idon Turawa, namiji a aljihu yake sa nasa, kuma sunan montre-bracelet, agogon munduwa, yana riƙe da wannan tarihi har yau. Hausa ta tsallake batun munduwa, ta ce agogon hannu, wanda ɗaliban nahawu za su lura cewa juya shi kawai ake yi a samu hannun agogo.

Duk waɗannan shawarwari ne, kuma ba a zauren jami'a za a yanke musu hukunci ba. Mai gyaran agogo a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, wanda ke da gilashi a ido da ɗan hantsaki a hannu, shi ne zai nuna ko gammo da linzami za su zauna a bakin masu sana'a. Akwai ma inda aro ya fi. Abraham-Louis Breguet ya yi rajistar tourbillon a 1801, wani keji mai juyawa da ke ɗauke da lilo da linzami gaba ɗaya don rage tasirin nauyi a kansu. Ma'anar kalmar guguwa ce, amma wanda aka ce wa agogonsa yana da guguwa zai zaci ya lalace. Tunda Ingilishi da Jamusanci ma ba su fassara ta ba, turbiyon ta ishe mu: gaɓa uku, babu cunkoson baƙaƙen da harshen Bahaushe zai yi tuntuɓe da shi.