Raba ɗalibai rukuni-rukuni a jami'a: abin da ya kamata ku sani

Azare ta zama garin ɗalibai. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, nan kusa. Da wuya ɗalibin babbar makaranta ya gama zango bai ji malami ya ce a rabu rukuni-rukuni ba. Sai dai amfanin abin yana ga yadda aka yi rabon.

In aka bar wa ɗalibai zaɓi, kowa nasa zai nema: 'yan Shira gefe guda, 'yan Gamawa gefe guda, masu ƙoƙari su tattaru, a bar mai rauni da mai kunya suna raba ido. In kuwa aka bi lambar rajista, mutum sai ya shekara huɗu da fuskoki iri ɗaya. Gara malami ya yi rabon da kansa, ya gauraya gwani da mai tasowa, ɗan gari da baƙo.

Kada rukuni ya yi girma. Tun 1913 wani injiniya Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa gwajinsa na jan igiya, inda ya gano cewa in masu ja suka ƙaru, ƙarfin da kowannensu ke sawa raguwa yake yi. Kamar gayya ce, wasu na noma, wasu fura suka zo sha. A rukunin mutum 15, ɗaya ne zai rubuta aikin, sauran su haɗa kuɗin bugawa, a jera sunaye a bango, a raba maki. Huɗu zuwa shida sun isa.

Akwai dabarar da Elliot Aronson ya ɓullo da ita a 1971 a garin Austin na Amurka: a tsaga darasi, kowa ya riƙe ɓangare guda ya koya wa 'yan'uwansa. A ce darasin zazzaɓin cizon sauro ne. Wannan ya ɗauki ƙwayar cutar, waccan gwajin jini, wancan magani, na huɗu rigakafi. Ranar gabatarwa malami ya nuna wanda ya ga dama, ya tambaye shi ɓangaren da ba nasa ba. Mai laɓewa ba shi da mafaka.

Sauya 'yan rukuni fa? Masana sun saɓa. Larry Michaelsen, lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Oklahoma, yakan bar rukuni ɗaya har ƙarshen kwas, don su saba da juna. A ganina, tattaunawar cikin aji a riƙa sauya mata abokai, babban aiki kuwa a bar masu shi su ƙarasa tare. A kuma tsayar da lokacin haɗuwa da rana, domin akwai matan aure, akwai kuma masu neman motar komawa Jama'are ko Giade kafin magariba.