Bututun da Zai Ratsa Gidan Maƙwabci

A unguwannin da ruwan gwamnati ya daina zuwa, an saba ganin irin wannan ciniki. Wani mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ruwa ya yi masa yawa. Can bakin titi wani yana da tanki da filin da 'yan garuwa za su jera kura su saya. Tsakaninsu gida ɗaya ne. Ruwan ba zai isa bakin titi ba sai an fasa gindin katangar wannan gida, an tone tsakar gidan, bututu ya bi ta gefen madafi ya fita ta bayan zaure. Mai haɗa famfo kan auna ya faɗi kuɗin bututu da gam da leburori a yini guda, amma sai a shekara ba a sa diga ba. Maigidan tsakiya yana so ya ji wa zai gyara in bututun ya fashe ya jiƙa masa gindin ɗaki, kuma a hannun wa makunnin zai zauna ranar da aka saɓa. A cikin gida ma ba a bar shi ya huta ba. "Malam," in ji uwargida, "ruwa ya wuce ta ƙarƙashin murhuna, ni kuma in ci gaba da sayen jarka?"

Jamhuriyar Nijar ce wannan gida na tsakiya a maganar bututun iskar gas da ake son ya ratsa Sahara. Najeriya ce mai rijiya, da gas fiye da kubik ƙafa tiriliyan 200 kwance a ƙasarta. Aljeriya ce ta bakin titi, domin tana da bututan da suka tsallaka teku zuwa Italiya da Sifaniya. An tsara bututun ya tashi daga yankin Warri, ya bi ta Kano, ya ratsa Nijar ta yankin Agadas, ya tsaya a Hassi R'Mel, tafiyar kilomita fiye da 4,000, yana ɗaukar kubik mita biliyan 30 a shekara. Kamfanin NNPC na Najeriya da Sonatrach na Aljeriya sun rattaba hannu kan takardar fahimtar juna tun 2002, ƙasashen uku suka sa hannu a Abuja a watan Yulin 2009. Daga nan takardu suka yi ta shan ƙura, sai da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, Turai ta shiga neman gas ido rufe, ministoci suka sake haɗuwa a birnin Aljiyas a watan Yulin shekarar.

Shekara guda bayan haka, a ranar 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai ya yi shiru. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma mai sayar da ƙanƙara a Yamai da kayansa suka narke, da telan da kekensa ya tsaya a Maraɗi, ba sa bukatar wani masani ya bayyana musu abin da ake nufi da makunni a hannun maƙwabci. A ganina wannan mataki ya yi wa Najeriya ɓarnar da ta fi ribarsa. Ta nuna wa gidan tsakiya cewa abin da aka yi shekaru ana ciniki a kansa zai iya zama bulala cikin dare ɗaya. A Disamban 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdurrahman Tiani, ya fito da Hausa tsantsa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta.

Ta ɓangaren arewa ma zaman bai rasa ƙura ba. A farkon Afrilun 2025 Aljeriya ta harbo jirgin Mali marar matuƙi kusa da Tin Zawatin. Nijar ba ta da hannu a rigimar, amma ta riga ta ƙulla ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, don haka ta janye jakadanta daga Aljiyas tare da su. Watanni biyu kacal kafin nan ne ƙasashen uku masu bututu suka sa hannu a kan sabunta binciken aikin. Aminin maigida ya yi faɗa da mutumin bakin titi, dole maigida ya ɗaure fuska, ko da a ransa yana son ruwan ya wuce.

Akwai kuma mai tanki na biyu. Tun ziyarar Sarki Muhammad na Shida Abuja a Disamban 2016, Maroko ke tallata nata bututun, wanda zai bi gaɓar Tekun Atlantika ta ƙasashe fiye da goma, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala biliyan 25, kusan ninki biyu na na Sahara. Gabar Maroko da Aljeriya a kan Yammacin Sahara tsohuwa ce. Aljeriya ta yanke hulɗa da Rabat a Agustan 2021, ta kuma ƙi sabunta yarjejeniyar bututun da ke kai gas ɗinta Sifaniya ta cikin Maroko, wanda ke aiki tun 1996. A ƙarshen Oktoba gas ya tsaya cak. Najeriya tana yi wa kowanne murmushi. Maroko kuwa tun Nuwamban 2023 take yi wa ƙasashen Sahel tayin hanyar fita teku, tayin da ba a raina shi a ƙasar da ba ta da gaɓa.

Sai dai abin da ya fi nauyi a kan Yamai yana cikin gida ne, maganar uwargida ce. Tun farkon shekarun 1970 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya haskaka biranen Faransa, alhali har yau kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da lantarki a Nijar. Mafi yawan tukwane da itace ake ɗora su, a ƙasar da hamada ke cinye gonakinta. Gwamnatin da ta hau da taken "zancen ƙasa ne", ta sallami sojojin Faransa da na Amurka, ta karɓe kamfanin yuraniyom na Somaïr daga hannun Orano na Faransa, ba za ta iya tsayawa gaban jama'arta ta ce ga gas nan zai wuce kilomita sama da 800 ta ƙarƙashin ƙafarku zuwa Turai, ku kuma ku koma ɗaukar gatari ba. A nan ina bayan Nijar ɗari bisa ɗari. Mutanen arewacin Najeriya ma sun san wannan ƙishi, shi ya sa suke zuba ido a kan bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, suna fatan ya tayar da masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai. Shi ne kuma zangon farko na hanyar Sahara.

Inda nake jin tsoro shi ne kada neman haƙƙi ya koma riƙe makunni. Nijar ta ɗanɗana ɗacin wannan da kanta. Bututun ɗanyen manta daga Agadem zuwa tashar Seme ta ƙasar Binin, kusan kilomita 2,000, an gama shi da kuɗin kamfanin CNPC na Sin, amma a Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon na Binin ya hana loda man saboda Nijar ta ƙi buɗe iyakarta. Wata guda bayan haka 'yan tawaye suka fasa wani sashe na bututun a cikin Nijar. Ƙarfe ana iya gyara shi, zumunci ne ya lalace. Duk mai kuɗin da za a roƙa ya zuba dala biliyan 13 a hamada ya ga Najeriya ta kashe wuta, ya ga Aljeriya ta rufe gas, ya ga Binin ta tare mai. Ba shi da dalilin gaggawa, ga Turai kuma tana shirin rage ƙona gas nan da 2050.

Don haka kafin a sa diga, shugabannin Abuja da Yamai da Aljiyas su rubuta abu biyu a fili, kowa ya gani. A fitar wa Nijar da kanta na famfo, wato kason gas da zai kunna tashar lantarki ya kuma shiga tukunyar girki a Agadas da Damagaram, domin garin da ke amfana da bututu shi ne mai gadinsa na farko. Sannan a ɗaure kowa da sharaɗin cewa juyin mulki ko janye jakada ba ya taɓa makunni, wanda ya taɓa kuma ya biya diyya. 'Yan majalisa da 'yan jarida da sarakunan garuruwan da bututun zai ratsa su nemi a nuna musu waɗannan sharuɗɗa a rubuce tun yanzu, kafin a tone ƙasarsu.