Yaushe Ya Kamata Ƙasa Ta Soke Sarauta?

A ranar 28 ga Mayu, 2008, majalisar tsara tsarin mulki ta ƙasar Nepal ta kaɗa ƙuri'a, wakilai 560 suka amince, 4 suka ƙi, aka kawo ƙarshen sarautar gidan Shah da ta faro tun 1768. Sarki Gyanendra ne ya share wa wannan hukunci hanya da hannunsa. Ya hau gado a 2001 bayan kisan gillar da ya rutsa da yayansa Sarki Birendra a fada, sannan a Fabrairun 2005 ya kori gwamnati ya riƙe mulki shi kaɗai, da hujjar murƙushe 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao. Cikin watanni goma sha huɗu jama'a suka cika titunan Kathmandu, ya saki ikon ba don yana so ba. Italiya ma ta soke sarautarta a ƙuri'ar raba gardama ta 1946, domin talakawa ba su manta cewa Sarki Vittorio Emanuele na Uku ne ya miƙa wa ɗan kama-karya Mussolini ragamar gwamnati a 1922 ba. Darasin ɗaya ne: sarauta tana cancantar a soke ta ranar da ta ɗora kanta sama da doka.

Masu son jamhuriya suna cewa gado kansa rashin adalci ne, don babu wanda ya zaɓi ɗan sarki. Maganarsu tana da nauyi, amma nauyin yana kan mai yanke hukunci. Inda haraji, soja da kotu suke hannun zaɓaɓɓu, kamar a Norway da Japan, abin da ake gada daraja ce da aikin haɗa kan al'umma. Wani lokaci darajar nan takan ceci dimokuraɗiyya. A Fabrairun 1981, da dakaru ɗauke da bindigogi suka mamaye majalisar Sifaniya, Sarki Juan Carlos ya fito a talabijin sanye da kakin soja ya ƙi goyon bayansu, juyin mulkin ya wargaje.

Masu kare sarauta kuma suna nuni da yadda gwamnatocin Nepal suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya tun 2008, har wasu suka fito zanga-zangar neman a maido da sarki. Sai dai yaƙin basasar da ya ci rayuka fiye da 13,000 daga 1996 zuwa 2006 a ƙarƙashin sarauta aka yi shi, kuma firaministan da ya gaza ana iya sauke shi da ƙuri'a, abin da ba a iya yi wa sarki. Saboda haka ƙasar da sarkinta ya yarda doka ta hau kansa ba ta da dalilin gaggawar rushe fada. Wadda sarkinta ya ƙi yarda kuwa, haƙƙin talakawanta ne su sauke rawanin.