Alƙaluman Rumawa da Yadda Ake Juya Su

Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji a wata makarantar firamare da ke Badarawa, cikin birnin Kaduna, zai iya tarar da an rubuta "Aji IV" a wata ƙofa, "Aji VI" kuma a wata. Haruffan iri ɗaya ne, jerinsu ne kawai ya bambanta. Idan bai lura da wannan jeri ba, sai ya kai wa 'yan aji shida darasin 'yan aji huɗu.

Rumawa sun gina ƙidayarsu a kan haruffa bakwai, wato I (1), V (5), X (10), L (50), C (100), D (500) da M (1000). Ba su da alamar sifiri.

Wajen juya su zuwa alƙaluman yau da kullum, ana bin ƙa'idoji uku:

1. Idan ƙaramin harafi ya biyo bayan babba, tarawa ake yi: VI = 5 + 1 = 6.
2. Idan ƙarami ya gabaci babba, ɗebewa ake yi: IV = 5 − 1 = 4. Tagwaye shida ne ke bin wannan ƙa'ida: IV, IX, XL, XC, CD da CM.
3. Ba a jera I, X, C ko M fiye da sau uku, sai dai a fuskar wasu agoguna inda akan ga IIII. Su kuwa V, L da D ba a maimaita su.

Doguwar lamba daddatsa ta ake yi daga hagu. Misali, MCMLX ya ƙunshi M + CM + L + X, wato 1000 + 900 + 50 + 10 = 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Idan lambar ta biyo suna, matsayi take nunawa. Sarkin Musulmi Abubakar III (1938–1988), "Abubakar na Uku" ake karanta shi.

Aiki: A juya XIV, XC da MCMLXXVI zuwa alƙaluman yau da kullum.