Sa Hannu Sannan a Janye: 'Yan Kwangilar Birtaniya da Dillalan Aiki

A kasuwar ƙwadago ta Birtaniya akwai wani rukuni na ƙwararru, galibinsu masana kwamfuta da injiniyoyi da akantoci, waɗanda ba su da aikin dindindin a ko'ina, sai dai su karɓi aikin wata uku ko shida, a riƙa lissafa musu kuɗin yini, in wa'adi ya cika su nemi wani. Su ake kira 'yan kwangila a can, ko da yake abin da suke bayarwa haya shi ne iliminsu. Akasarinsu ba sa ƙulla yarjejeniya kai tsaye da kamfanin da ke buƙatar aikin, domin a tsakani akwai kamfanin dillancin ma'aikata, wanda ke nemo mutum ya tantance shi, ya sa hannu a takarda biyu, ɗaya da mai aikin ɗaya da ɗan kwangilar, sannan ya fitar da la'adarsa daga bambancin abin da yake karɓa da abin da yake biya.

Rigimar da ta fi yawa a wannan sana'a tana tasowa ne a 'yan makonnin da ke tsakanin ranar sa hannu da ranar fara aiki. Mai neman kwangila yakan shiga ganawa da kamfanoni da dama a lokaci guda, kuma ba lallai ne tayin da ya fara zuwa ya zama mafi tsoka ba, don haka sai ya sa hannu saboda gudun zaman banza, bayan kwana biyu kuma wani dillalin ya kira shi da kuɗin yini mafi yawa, ko wa'adi mafi tsawo, ko izinin yin aiki daga gida. Dokar harajin da ake kira IR35 ta ƙara wa lamarin zafi. An kafa ta a watan Afrilun 2000 don kama waɗanda ke aiki tamkar ma'aikata amma suna karɓar kuɗi ta ƙaramin kamfaninsu domin rage haraji, kuma tun daga 2017 a hukumomin gwamnati, da 2021 a matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu, mai aikin ne ke yanke hukuncin ko kwangila ta faɗa ƙarƙashinta. Kwangila biyu masu kuɗin yini ɗaya na iya bambanta ƙwarai a abin da ke shiga aljihu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake shawara.

A dokar Ingila yarjejeniya tana hawa kan mutum tun daga lokacin da aka ƙulla ta, ko da ba a fara aikin ba. An tabbatar da haka a 1853 a shari'ar Hochster da De La Tour, inda aka ɗauki wani mutum ya raka matafiyi zuwa Turai daga 1 ga Yunin 1852, aka sallame shi a watan Mayu, kotu kuma ta ce yana da ikon kai ƙara nan take ba tare da jiran ranar farawa ba. Sai dai kotu ba ta tilasta wa kowa yin aiki da jikinsa. A 1852 mawaƙiya Johanna Wagner, wadda ta yi alkawarin rera waƙa na wata uku a gidan wasan Benjamin Lumley a Landan, ta karɓi tayin Frederick Gye na gidan wasan Covent Garden saboda ya fi kuɗi, kuma iyakar abin da alƙali ya iya yi shi ne hana ta waƙa a gidan Gye, tun da yarjejeniyarta ta ce ba za ta yi wa wani ba. Ta koma Jamus ba ta yi wa kowa waƙa ba. Daga ƙarar da Lumley ya kai Gye ne aka kafa ƙa'idar cewa wanda ya san akwai yarjejeniya kuma ya zuga mutum ya karya ta shi ma ana iya neman diyya a hannunsa, ƙa'idar da ya kamata dillali na biyu ya riƙa tunawa.

Abin da ya rage wa dillalin da aka bari, ke nan, shi ne diyya, wadda ma'auninta tun shari'ar Robinson da Harman ta 1848 shi ne a mayar da wanda aka cuta matsayin da zai kasance da an cika alkawari, tare da sharaɗin cewa ya yi ƙoƙarin rage asararsa. A nan ne ƙarfin barazanar dillalai yake raguwa. A ƙaddara dillali yana karɓar fam 575 a yini yana biyan fam 500, takardar kuma ta ba ɗan kwangila damar fita bayan sanarwar mako biyu. Asarar da za a iya ɗora masa ba za ta wuce la'adar kwanakin aiki goma ba, wato fam 750, in kuma an samu madadinsa cikin kwana uku ta ragu ƙasa da haka. Kuɗin lauya kaɗai ya ninka wannan, shi ya sa wasiƙun gargaɗi suka fi ƙararraki yawa. Lissafin yana canzawa idan takarda ta ƙayyade kuɗin da wanda ya ƙi zuwa zai biya: a 2008 Babbar Kotu ta tabbatar wa kamfanin Tullett Prebon kusan fam 300,000 a kan wani dillalin hada-hadar kuɗi da ya sa hannun zama ma'aikacinsa sannan ya fasa, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta ce irin wannan sharaɗi yana tsayawa matuƙar yana kare wata halastacciyar maslaha kuma bai wuce kima ba.

Ƙa'idojin 2003 da ke tafiyar da kamfanonin dillancin aiki sun hana dillali cutar da mutum don ya ba da sanarwar fita ko ya kama aiki a wani wuri, sun kuma hana riƙe masa kuɗin aikin da ya riga ya yi, amma sun bar wa dillali damar neman sanarwa daidai gwargwado da kuma neman asarar da ƙin yin aiki ya jawo. Masu aiki ta kamfaninsu na iya rubuta cewa sun fita daga wannan kariya, kuma da yawa suna sa hannu a takardar fitar ba su karanta ba.

Akwai abin da masu kukan rashin amanar 'yan kwangila ba su cika ambata ba. Takardun da dillalai ke rubutawa sau da yawa suna ba mai aikin ikon soke kwangila kafin ranar farawa ba tare da biyan ko sisi ba, wasu kuma, saboda neman kuɓuta daga IR35, suna faɗa ƙarara cewa mai aikin ba dole ne ya ba da aiki ba, ɗan kwangila ma ba dole ne ya karɓa ba. Mutumin da ya taɓa ƙin tayi biyu, ya kama ɗaki a wani gari, sannan aka kira shi ranar Juma'a aka ce an janye kasafin aikin da zai fara Litinin, ba zai ɗauki sa hannunsa da nauyin da ya kamata ba. Wannan bai wanke mai janyewa ba, domin cutar da yake yi ta gaske ce: manajan da ya sallami sauran masu nema zai koma farko, wanda ya zo na biyu a ganawa ya riga ya tafi, ma'aikacin kamfanin dillancin da albashinsa ya rataya a kan la'ada ya yi aikin makonni a banza. Amma takardar da ta ɗaure gefe ɗaya ta saki ɗaya ita ce ta koya wa mutane wannan hali, kuma masu rubuta ta suna da kaso a laifin.

Abin da ke hana yawancin 'yan kwangila janyewa a yau shi ne tsoron ɓacin suna, musamman a fannonin da masu ɗaukar aiki suka san juna, kamar bankunan Landan. Ƙwararrun da suka daɗe a sana'ar sukan nemi a ba su kwana biyu kafin su sa hannu, su duba ko sharaɗin sanarwa yana aiki kafin ranar farawa, in kuma dole ta sa su fasa sai su kira dillali a ranar, su ba da sanarwar da takarda ta tanada, wani lokaci har su kawo sunan wanda zai iya maye gurbinsu. Gyaran da ya rage yana hannun dillalai da masu aiki: su rubuta wa'adin sanarwa iri ɗaya ga ɓangarorin biyu, wanda zai fara aiki daga ranar sa hannu, ta yadda kamfanin da ya soke kwangila kwana uku kafin farawa zai biya kuɗin mako biyun da yake neman ɗan kwangila ya tsaya ya yi masa.